Kayanmu ba ta Suwez suke bi ba, me ya haɗa kuɗin kwantenarmu da rikicin Bahar Maliya?

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum. Masana harkar jiragen ruwa, ga wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Tun ƙarshen 2023 da 'yan Huthi na Yaman suka fara harbin jirage a Bahar Maliya, duk ƙarin da aka yi wa kuɗin dakon kwantena daga Chaina zuwa Legas ko Kwatano ko Lome, amsar ajan ɗaya ce: Bahar Maliya. To amma duk wanda ya buɗe taswira zai ga jirgin da ya taso daga Ningbo ko Nansha zuwa Apapa ta Singafo yake bi, ya ratsa Tekun Indiya, ya zagayo ta ƙasan Afirka ta Kudu, sannan ya hauro. Dama can haka hanyarsa take, ko hayaƙin Yaman ba ya hangowa. Shin da gaske akwai alaƙa, ko an sami abin fakewa ne kawai? Kuma in har an toshe hanya mai girma haka, me ya sa farashin ɗanyen mai bai yi tashin gwauron zabi ba? Na uku, mai shigo da kaya yana da abin da zai iya yi, ko nasa ido ne?

Na-Bakin-Teku:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Taswirarka daidai take, sai dai lissafin dako bai tsaya a taswira ba.

Ka ɗauka gada ta karye tsakanin Kaduna da Abuja, tirelolin da ke zuwa kudu sai sun yi zagayen kwana uku. Kai kayanka Maiduguri za su, ba ruwanka da gadar. Amma in ka shiga gareji za ka tarar da motoci sun yi ƙaranci, domin waɗanda ya kamata su dawo jiya suna can kan hanya, direban da ya rage kuma ya san akwai mai biyansa ninki zuwa kudu. Abin da ya faru a teku ke nan. Jiragen kwantena na duniya garke ɗaya ne, kamfanoni ƙalilan ke juya su daga wannan layi zuwa wancan.

Ga yadda abin ya tafi. Ranar 19 ga Nuwamban 2023 'yan Huthi suka sauka da jirgi mai saukar ungulu a kan Galaxy Leader, jirgin dakon motoci, suka tafi da shi da ma'aikatansa 25 zuwa gaɓar Hudaida a Yaman. Kafin tsakiyar Disamba ya wuce, manyan kamfanonin jiragen kwantena, Maersk da Hapag-Lloyd da MSC da CMA CGM, duk sun dakatar da bi ta Babul Mandab, mashigin da ke ƙofar kudu ta Bahar Maliya. Daga Shanghai zuwa tashar Rotadam ta ƙasar Holan, in an bi ta Suwez, tafiyar mil 10,500 ce a ma'aunin teku, ta zagayen Afirka kuwa ta kusa 14,000. Ƙarin mil 3,500 ke nan. Jirgin da ke cin mil 16 a awa yana yin 384 a yini, wato ƙarin kwana 9 a tafiya, 9 a dawowa, ban da iska da igiyar ruwa da ke damun jirage a gaɓar Afirka ta Kudu lokacin hunturunsu.

Inda gizo ke saƙar shi ne jadawali. Kamfani ya yi alkawarin jirgi ɗaya duk mako daga kowace tasha. Layin Asiya zuwa arewacin Turai yana cin jirage 11 ko 12 kafin na farko ya dawo inda ya taso. In ka ƙara kwana 18 a zagayen, sai an ƙaro jirage biyu ko uku a kowane layi, ko kuma a ƙara gudu. Ƙara gudu kuwa cin mai ne na fitar hankali: in ka ƙara kashi 10 cikin ɗari na gudu, man da injin ke sha a yini yana ƙaruwa da kusan kashi 33. Saboda haka aka bi layukan Afirka da Kudancin Amurka da na cikin Asiya ana zare jirage, aka kuma kwashe duk wani jirgin haya da ke kasuwa. Maersk da kanta ta ce a watannin Afrilu zuwa Yunin 2024 gurbin kaya a layin Asiya zuwa Turai ya ragu da kashi 15 zuwa 20.

Sai ita kanta kwantenar. Akwatin da ya tafi Turai cike, fanko yake komawa Chaina, da rikicin ya zo kuma ya riƙa makara da kusan mako uku. A watan Mayun 2024 masu lodi a tashoshin Chaina sun yi ta neman fanko mai ƙafa 40 ruwa a jallo. Sannan jirage suka daina zuwa a kan lokaci, sai uku su iso rana ɗaya, kwana huɗu babu ko ɗaya. Singafo, inda kayanku da dama ke sauya jirgi, ta cushe har jirgi kan yi kusan mako guda yana jiran gurbi, sai da hukumar tashar ta sake buɗe tsofaffin wuraren lodi na Keppel da aka riga aka rufe. Kar kuma ka manta ba duk kayan Afirka ta Yamma ke zuwa kai tsaye ba. Wani kaso, musamman na Jidda da wasu na Dubai da Indiya, ta Suwez yake bi a sauke shi a Tanja ta Maroko ko Aljesiras ta Sifen, a sake ɗora shi kan wani jirgi zuwa Tema ko Legas. Wannan kam rikicin ya same shi gaba da gaba.

Amma zarginka bai faɗi ƙasa banza ba. Mu yi misali. Babban jirgi mai cin tan 130 na mai a yini, a kan dala 600 kowane tan, kwana 9 ya ci masa dala dubu 700 da ɗoriya. Ka ƙara kuɗin hayar jirgin da albashi, sannan ka cire kuɗin wucewa ta Suwez da bai biya ba, wanda ga irin wannan jirgi yakan kai dala dubu 500. In ka raba abin da ya rage a kan kwantena dubu 15, abin da zai faɗo kan kowace ɗaya bai taka kara ya karya ba, 'yan ɗaruruwan daloli ne in ya yi yawa. Alhali ma'aunin da kamfanin bincike na Drewry ke fitarwa na matsakaicin kuɗin kwantena mai ƙafa 40 ya tashi daga ƙasa da dala 1,500 a farkon Disamban 2023 zuwa dala 5,900 a Yulin 2024, na Shanghai zuwa Rotadam ma ya haura 8,000. Wannan tazarar ba kuɗin mai ba ce, kuɗin ƙaranci ce. Shaida ita ce Maersk ta buɗe 2024 tana gargaɗin za ta iya yin asarar da ta kai dala biliyan 5, ta rufe shekarar da ribar aiki ta dala biliyan 6.5. Da ba don sababbin jirage masu gurbin kwantena kusan miliyan 3 da aka ƙera aka miƙa a shekarar ba, da abin ya fi haka muni.

Ɗan Kwari:

Allah ya saka da alheri, Malam, na gane batun garejin. Amma ai an ce jiragen yaƙin Amurka da na Turai suna can suna gadi. Cikin dubban jirage nawa aka nutsar? Me ya hana kamfanonin su daure su wuce?

Hajiya Mai Inshora:

Alhaji, ba kyaftin ke yanke wannan shawarar ba, ba kuma sojan ruwa ba. Mutanen da ke zaune a Landan da alƙalami ne.

Inshorar jirgi ta yau da kullum ba ta ɗaukar ɓarnar yaƙi. Ta yaƙi daban ake saye, na shekara guda, kuma tana da araha matuƙar jirgin bai shiga wuraren da kwamitin haɗin gwiwar masu inshorar yaƙi na kasuwar Landan ya lissafa ba. In zai shiga ɗaya daga cikinsu, dole mai jirgi ya sanar tun kafin ya shiga, a yanka masa ƙarin kuɗi na wannan shigar kaɗai, galibi na kwana bakwai. Farashin da aka ba shi ma kwana ɗaya ko biyu yake yi, ya lalace, a sake yankawa. A farkon Disamban 2023 ana karɓar kimanin kashi 0.07 cikin ɗari na darajar jirgi. Cikin Janairun 2024 ya kai 0.7, wasu har kashi 1. Jirgin dala miliyan 100 da yake biyan dubu 70 ya koma biyan dubu 700 zuwa miliyan guda, don wucewa sau ɗaya. Jiragen da ke da alaƙa da Isra'ila ko Amurka ko Birtaniya kuwa wasu masu inshorar suka ce ko nawa ne ba sa so. Jirgin da ba shi da inshora bankin da ke binsa bashi ba zai bari ya motsa ba. Ma'aikata kuma, bisa yarjejeniyar ƙungiyoyinsu, suna da haƙƙin ƙin shiga yankin a mayar da su gida a kuɗin kamfani, wanda ya yarda ya shiga kuma a ninka masa albashi na kwanakin.

Yawan waɗanda aka nutsar ba shi ne ma'auni ba. Jirgin Rubymar, da ke ɗauke da takin zamani kusan tan dubu 21, an harbe shi a 18 ga Fabrairun 2024, ya nutse a farkon Maris. Ranar 6 ga Maris aka kashe ma'aikata uku a jirgin True Confidence. Jirgin Tutor ya nutse a Yuni. A Agusta Sounion, tanka mai ganga kusan miliyan ɗaya, ya yi makonni yana ci da wuta kafin a janye shi. Mai inshora ba ya tambayar nawa suka wuce lafiya, tambayarsa in ɗaya ya ƙone nawa zai biya. Babban jirgin kwantena, in ka haɗa shi da kayan da ke kansa, dukiyar ɗaruruwan miliyoyin daloli ce a wuri ɗaya.

Gadin kuma yana da iyaka. Amurka ta kafa rundunar haɗin gwiwa a Disamban 2023, ita da Birtaniya suka fara luguden wuta a Yaman a Janairun 2024, Tarayyar Turai ta turo tata, Aspides, a Fabrairu da jiragen yaƙi 'yan ƙalilan. Mashigin Babul Mandab faɗinsa bai kai kilomita 30 ba a inda ya fi ƙunci, ga tsibirin Mayyun a tsakiya, jirgi ba shi da wurin kaucewa. Ana harba makami mai linzami na kusan dala miliyan 2 don kakkaɓo jirgi maras matuƙi da bai wuce 'yan dubban daloli ba. Dogaran da ake ɗauka da bindiga a jirgi, waɗanda suka yi maganin 'yan fashin Somaliya, nan ba su da tasiri sosai: ɗan fashi jirgin yake so lafiya lau don ya karɓi fansa, wannan kuwa ƙona shi yake son yi. Abin ya kai jirage na rubuta saƙo a na'urar da ke nuna inda suke, cewa ma'aikatansu duk 'yan Chaina ne, ko duk Musulmi ne, ko ba su da alaƙa da Isra'ila. Hakan ma bai zama laya ba, domin maharan kan yi aiki da tsohon bayanin mallaka. A Maris 2024 sun harbi Huang Pu, tankar wani kamfanin Chaina.

Yanzu ga abin da ya shafe ka kai tsaye, tambayarka ta uku. Dokar Najeriya ta ce kayan da ake shigowa da su a yi musu inshora a kamfanin cikin gida, kuma ana neman takardar kafin a buɗe Fom M, takardar izinin shigo da kaya. Mutane da yawa mafi arha suke karɓa, wato sharuɗɗan aji C, don dai takarda ta cika. Aji C gobara da nutsewa da karo da makamantansu kawai yake ɗauka, ba ya ɗaukar sata ko jiƙewa. Aji A ya fi faɗi, amma shi ma bai ɗauki yaƙi ba sai ka nemi a ƙara maka sharaɗin yaƙi na kaya, wanda kuma yana aiki ne muddin kayan suna kan jirgi, ba a kan tudu ba. Duk ajin ukun ba sa biyan asarar jinkiri. In kayan salla sun iso bayan salla, babu mai ba ka ko kwabo.

Akwai kuma abin da ake kira asarar tarayya, wanda 'yan kasuwa ba sa sani sai ya same su. In jirgi ya shiga haɗari aka kashe kuɗi ko aka zubar da wasu kaya don ceton sauran, duk mai kaya a jirgin sai ya biya kasonsa gwargwadon darajar kayansa, ko da nasa ko ƙwarzane bai yi ba. Haka aka yi wa masu kaya a Ever Given da ya toshe Suwez kwana shida a Maris 2021. Mai inshora, kamfaninsa ne zai sa hannu a takardar lamuni a sakar masa kaya. Wanda ba shi da ita sai ya ajiye tsabar kuɗi, in ba haka ba kwantena na nan a tsare.

Kuma kada a sa ran kuɗin nan zai sauka da wuri don an daina harbi. Dubi namu ruwan. Fashin teku a mashigin Gini ya ragu ƙwarai tun 2021, amma hukumomin Najeriya sun shafe shekaru bayan nan suna roƙon a cire ƙarin kuɗin inshorar yaƙi da ake ɗora wa jiragen da ke zuwa tashoshinta.

Injiniya:

Bari in ɗauki ta biyun, ta mai, don an bar ta a baya.

Farashin Brent, ɗanyen man da ake auna farashin duniya da shi, ya ƙare 2024 yana yawo tsakanin dala 70 da 90 saboda ko ganga ɗaya ba a daina haƙowa ba, hanya kawai aka sauya. Mutane na haɗa Babul Mandab da Hormuz, mashigin da ke bakin Tekun Fasha, alhali ba ɗaya ba ne. A 2024 ganga kusan miliyan 20 suka riƙa fita ta Hormuz a yini, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da duniya ke sha, kuma mafi yawansa ba shi da wata ƙofa. Babul Mandab kuwa gajeriyar hanya ce, in an rufe ta akwai doguwa. Alƙaluman hukumar bayanan makamashi ta Amurka sun nuna man da ke bi ta nan ya sauko daga ganga miliyan 8.7 a yini a 2023 zuwa kimanin miliyan 4 a 2024.

Sannan mafi yawan man Saudiyya da Iraƙi da Kuwait gabas yake yi, zuwa Chaina da Indiya da Japan da Koriya, bai taɓa kusantar Yaman ba. Wanda Saudiyya ke kai wa Turai kuma tana da dabara: bututun da ya taso daga Abƙaiƙ ya ratsa ƙasar kilomita 1,200 zuwa Yanbu a gaɓar Bahar Maliya, can arewa da inda ake harbin. Daga Yanbu tanka ta kai shi Ain Sukhna a Masar, a zuba a bututun Sumed mai kilomita 320 zuwa Sidi Kerir a Bahar Rum. Manyan tankoki masu ganga miliyan 2 dama ba sa iya ratsa Suwez a cike, tun fil azal zagaye suke yi ko su rage kaya a Sumed.

Wanda ya ci gaba da bi ta Bahar Maliya shi ne man Rasha mai zuwa Indiya da Chaina, a tsofaffin tankokin da ba a Landan suke inshora ba. Tun takunkumin 2022 wannan hanya ta zame wa Rasha jijiya. Waɗanda suka ji jiki su ne dizal da man jirgin sama daga matatun Indiya da ƙasashen Larabawa zuwa Turai, da kuma iskar gas ta Ƙatar, wadda tun Janairun 2024 jiragenta suka koma zagayen Afirka. Matatun Turai kuma suka karkata ga man da ke kusa da su, na Amurka da na Tekun Arewa da na Afirka ta Yamma. A nan kaɗai za a ce rikicin ya ɗan yi wa ɗanyen man Najeriya rana.

A ganina wanda aka fi kwantarwa a wannan rikici Masar ce, wadda ba ta harbi kowa ba. Kuɗin shigar Suwez ya faɗo daga dala biliyan 10 da ɗoriya a 2023 zuwa kusan biliyan 4 a 2024. Shugaba Sisi da bakinsa ya ce sun yi asarar kimanin biliyan 7. A Maris 2024 suka saki fam ɗin Masar ya faɗi daga 31 zuwa kusan 50 a dala, Asusun Lamuni na Duniya ya faɗaɗa musu bashi daga biliyan 3 zuwa 8, bayan Daular Larabawa ta zuba biliyan 35 a yarjejeniyar Ras al-Hikma. Tashar Eilat ta Isra'ila, da ke gefen Bahar Maliya, ta mutu murus, gaskiya ne, amma ƙaramar tasha ce ta motoci, Haifa da Ashdod na Bahar Rum suka ci gaba da aiki.

Ajan na Tinkan:

Ranku ya daɗe, duk abin da kuka faɗa haka yake, amma kada Alhaji ya tashi da tunanin Huthi ne suka cinye masa jari. A watannin nan guda naira ta karye, kuma ita ta fi yin ɓarna.

Ga lissafi na misali. Kayan dala 20,000, dako 3,000, jimla 23,000. A canjin naira 750, kusan canjin hukuma na tsakiyar 2023, naira miliyan 17.25 ke nan. Dako ya koma 6,000, canji ya koma 1,500 kamar yadda aka gani daga Fabrairun 2024: dala 26,000, naira miliyan 39. Ƙarin ya kama miliyan 21.75. A ciki, na dako miliyan 4.5 ne kacal, sauran 17.25 na canji ne.

Abin da ba a faɗa ba shi ne dako yana haihuwa a kwastan. Kuɗin fito a kan CIF ake yanka shi, wato kuɗin kaya da inshora da dako a haɗe. A tsarin 2024, ga kayan da ke biyan kashi 20: ƙarin dala 3,000 na dako ya jawo ƙarin fito 600, sai kashi 7 na fiton, 42, sai rabin kashi ɗaya na ECOWAS, 15, sai VAT na 7.5 a kan jimlar, kimanin 274. Sama da dala 900 ke nan da babu wanda ya faɗa maka ita a Guwanzu ta Chaina.

Abin yi kuwa, na farko ka sa a rubuta maka farashin dako a warware: asalin dakon nawa, ƙarin lokacin cunkoso nawa, ƙarin gaggawa nawa, na mai nawa, kuma har zuwa yaushe farashin yake aiki. Ka tambaya ko ranar da aka yi bukin ake bi ko ranar da jirgi ya tashi, domin yawanci ta biyun ce, in kuma aka bar kwantenarka a tasha aka ce sai jirgi na gaba, sabon farashi zai hau kanka. Ka tambayi tashar da za a sauya jirgi, kai tsaye ya fi ko da ya ɗara da dala ɗari biyu ko uku. In ka saya CIF mai sayarwa ne ke zaɓar jirgi, kuma mafi arha zai zaɓa, mai tsaye-tsaye. In FOB ne, wato kai ke biyan dako da kanka, zaɓi na hannunka, amma hauhawar ma a wuyanka take. Kwanakin kyauta na riƙe kwantena a nema tun wajen bukin a sa a takardar lodi, 14 ko 21 in za a samu, ba bayan jirgi ya iso ba, musamman ga kayan da za su wuce Kano ko Maraɗi, inda zuwa da dawo da fanko kaɗai ya isa ya cinye kwanakin, dimareji, wato tarar jinkirin mayar da kwantena, ya fara gudu. Kaya masu arha da cin wuri, irin su robobi da kujeru da tayil, su dako ke kashewa, don yakan kai rabin kuɗin kayan. Mai kwantenar atamfa ko waya da kyar zai ji a jikinsa.

Ɗan Kwari:

Madalla. Saura ɗaya: in an yi sulhu ai shi ke nan, washegari jirage su koma Suwez farashi ya sauko?

Na-Bakin-Teku:

Ba washegari ba, Alhaji, an ma gwada an gani. Da aka tsagaita wuta a Gaza a Janairun 2025, 'yan Huthi suka saki ma'aikatan Galaxy Leader suka ce sun sassauta, amma manyan kamfanoni ba su koma ba. A Mayu Oman ta shiga tsakani Amurka ta daina ruwan bama-baman da ta fara a Maris, hukumar Suwez har ta yi rangwamen kashi 15 ga manyan jiragen kwantena don ta jawo su. Sai ga shi a Yuli an nutsar da jiragen Magic Seas da Eternity C a mako guda, aka kashe ma'aikata, kuɗin inshora ya koma inda ya fito. Sauya jadawalin layi ɗaya yana cin watanni, da sake neman gurbi a kowace tasha, babu mai son ya yi shi sau biyu.

In kuma an koma gaba ɗaya, cunkoso za a fara gani kafin sauƙi, domin jirgin da ya bi Suwez zai tarar da wanda ya riga shi tashi da kwana tara a bakin Rotadam. Bayan 'yan makonni ne jiragen da zagaye ya haɗiye za su dawo kasuwa, a kan sababbin da aka ƙera, farashi ya karye. Saboda haka wanda aka kawo wa kwantiragin dako na shekara guda a farashin lokacin tsada, ya nemi a sa sharaɗin sake dubawa duk wata uku.

Gyara ɗaya ga maganar Ajan: lissafinsa na masu bi ta Legas da Kwatano ne. 'Yan'uwanmu da ke Sudan da gabashin Chadi, masu dogaro da Fot Sudan, su a cikin Bahar Maliyar suke, ga kuma yaƙin da ya ɓarke musu tun Afrilun 2023. Kayansu daga Asiya Jidda suke fara sauka. Da manyan jirage suka daina shigowa ta kudu, sai kwantena ta zagaye Afirka kaf, ta shiga ta Jibralta, a sauke ta a wata tashar Bahar Rum, ta ratsa Suwez daga arewa zuwa Jidda, sannan ƙaramin jirgi ya tsallaka da ita Fot Sudan. Wasu kuma a Jabal Ali ta Dubai ko Dammam ta gabashin Saudiyya ake sauke musu, a ɗora a mota ta ratsa Saudiyya sama da kilomita 1,300 zuwa Jidda.